Yadda Na Yi wa Surukina Gyaran Rubutu a Ɓoye

Shekarun baya, ban daɗe da tarewa a gidan mijina da ke Unguwar Rogo ba, na yi wani karambani da ya kusa mayar da ni gidanmu Wamakko da kayana a ka. Da yawa daga cikinku kuna yi mini tsiya cewa in zan yi wa mutum gyara a rubutunsa sai na fara da doguwar gaisuwa kamar mai zuwa neman aure. To yau ku zauna ku ji inda na koyo.

Tun ina makaranta nake aikin sa-kai a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani. Ga wanda bai sani ba, kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta. A can ake gaya wa marubuci inda ya yi daidai da inda ya kauce, kuma duk duniya na iya karantawa. Abin da ka rubuta ba ya ɓacewa, ko ka goge yana nan a tarihin shafin. Ina aiki da wani laƙabi da ba ya nuna mace ce ko namiji, don haka kowa Malam yake ce mini, ni kuma ban taɓa musawa ba. Maigidana ya san ina danne-dannen waya da sunan rubutu, amma bai san laƙabin ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Gidanmu babban gida ne, kowa da sashensa, tsakar gida ɗaya. Mai gidan shi ne surukina, wanda duk muke kira Baba. Tsohon hedimasta ne, ɗan majemi, wato mahaifinsa jimar fata ya yi har ya bar duniya. Baba mutum ne mai kwarjini, in ya yi gyaran murya a zaure har kajin gidan sai sun natsu. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga nesa in ce, “Ina kwana, Baba,” ya ce, “Lahiya lau,” in tashi in ba da wuri. Ko sunansa ban taɓa furtawa ba, har yau kuwa.

Tun makon da na tare aka ba ni labarin matar wan mijina. Wata rana Baba yana gaya wa baƙi cewa sunan jikarsa ranar Laraba ne, ita kuma tana ajiye musu ruwa sai ta ce, “A'a Baba, Alhamis ta.” Gaskiyarta ce, Alhamis ɗin ce. Amma kafin magariba tana gidansu, kuma sai da dattawa suka yi ta kai-komo kafin ta dawo ɗakinta. Daga labarin na gane cewa a gidan nan gaskiyarki ba ta cetonki in kika faɗe ta a gaban mutane. Ni kuwa da ma matsoraciya ce ta ajin farko, ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi salati.

Ana nan sai ciwon ƙafa ya kama Baba, ya hana shi fita majalisar ƙofar masallaci inda ya saba zama da abokansa. Mutum ya koma shiru, ya rame, abinci in an kai masa sai ya taɓa ya ture. Ƙanwar mijina ta aiko masa da babbar waya don ta ɗebe masa kewa. Daga nan ya ji a rediyo ana bayanin kundin nan, ana cewa duk wanda ya san wani abu na gargajiya ya zo ya rubuta kada ya ɓace. Baba ya sa aka buɗe masa, ya ɗora tabarau a hanci, ya kama rubuta maƙala a kan jimar fata a Sakkwato da ɗan yatsa ɗaya.

Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar tsakar gida, ya riƙa karanta wa Inna, wato surukata, abin da ya rubuta a ranar, da murya irin ta mai koyar da aji. Madafata tana bayan wata gajeriyar katanga kusa da wurin, don haka babu kalmar da ke wuce ni. Inna ta taɓa leƙowa ina tankaɗe ta ce, “Ɗiyata, tun da yas samu rubutun ga yake cin tuwo. Allah shi yi ma wanda yak kawo shi albarka.”

Ranar da na nemo maƙalar na buɗe, na karanta ta daga farko har ƙarshe. Bayanin sana'ar kansa ban taɓa karanta irinsa ba. Yadda ake jiƙa fatar jar akuya a ruwan toka har gashi ya saki, yadda ake kankare ta, yadda ake tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, yadda ake rina ta da karan dafi ta fito ja jawur, duk ya zayyana kamar kana tsaye a wurin. Amma rabin maƙalar yabon mahaifinsa ne da faɗa da majeman zamani masu aiki da sinadarin kanti, har da Allah ya isa. Babu littafi ko ɗaya da ya ambata a matsayin madogara. A can sama kuma wani mai gyara daga wani gari mai nisa ya riga ya maƙala jan tambari, cewa za a goge maƙalar cikin 'yan kwanaki in ba a gyara ba. Baba ya ga tambarin, na ji shi yana ce wa Inna wai alama ce ta an karɓi aikinsa.

Na fara da hanyar matsorata. Da azahar gida ya yi tsit, na shiga na rage yabon, na cire Allah ya isan, na lallaɓa na fito. Kafin la'asar Baba ya mayar da komai, ya ƙara da wani sabon sakin layi a kan ɓarayin rubutu. Na san in muka ci gaba da ni in cire shi ya mayar, za a ɗauka rigima ce, a goge maƙalar da wuri, shi kuma a rufe shi. Hanya ɗaya ta rage, a yi masa magana a shafin tattaunawa. Na jira ko wani zai yi, babu wanda ya yi, don masu gyara ba su da yawa kuma kowa na fama da nasa.

Na san me nake sa kaina. Suruka ta gaya wa uban mijinta rubutunsa bai yi ba, a wurin da duk duniya ke gani, wannan ya fi Laraba da Alhamis nesa ba kusa ba. Amma na kasa jure tunanin ranar da zai buɗe waya ya tarar babu komai, ya koma ture kwano. Na ce ai laƙabi ne, wa zai sani. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, har shinkafata ta kama. A ƙarshe ga abin da na tura:

“Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa marubucin wannan maƙala lafiya da nisan kwana. Bayanin toka da bagaruwa ilimi ne da ba kowa ke da shi ba, kuma asara ce babba a rasa shi. Jan tambarin da ke sama yana nufin za a goge maƙalar in ba a gyara ba. Abin da ake buƙata shi ne a rage yabon mutum ɗaya, a cire faɗa da wasu, a kuma nuna littattafan da suka yi magana a kan sana'ar. In an yarda, zan taimaka mu bi su ɗaya bayan ɗaya.”

Da la'asar ina daka yaji na ji ya fara karantawa. Ya karanta sallamar da yabon cikin jin daɗi, har ya maimaita wa Inna wurin nisan kwana. Da ya iso wurin rage yabo sai murya ta sauya.

“Wane na wanga? Ɗan wa na? Shi za ya koya man yadda za ni yabi ubana?”

Taɓarya ta kusa suɓuce mini. Inna ta ce ya yi haƙuri, wataƙila yaro ne. Ya ce ai yaron ne matsalar, yaran yanzu ba su da ta ido. Ya ƙwala wa maigidana kira, ya miƙa masa wayar ya ce, “Ku da kunka san kan abin ga, ka bincika man ko wane na. In ɗan garin ga na, ina son in ga ubanai.”

Da maigidana ya shigo ɗaki yana juya laƙabin a bakinsa, yana tambayata ko na taɓa cin karo da mai shi a wurin rubutunmu, sai na rufe ƙofa na gaya masa gaskiya. Ya zauna a bakin gado.

“Ke! Kin san mi kinka yi kuwa?”

Na ce na sani. Na nuna masa jan tambarin, na fassara masa. Na ce to shi ya je ya yi wa Baba bayani, ai ɗansa ne.

“Ni? In ce ma Baba rubutunai bai yi ba? Ki bari su goge, shi yi hushi da su, ba da mu ba. Wallahi in yag gane ke ta, ba ni iya tare miki komi.”

Ban ji haushinsa ba, don na san gaskiya ya faɗa. Ya koma ya ce wa Baba ba a iya gane mutum ta laƙabi. Baba ya ce to shi zai gane shi da kansa, ya zauna ya rubuta amsa: “Kai Malam, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ubana na, ba naka ba. In kana da abin cewa ga jima ka hwaɗi, in ba ka da shi ka kama gabanka.”

Na kwana biyu ban taɓa shafin ba. Duk sanda na durƙusa gaishe shi sai in ji kamar an rubuta laƙabin a goshina. Amma tambarin yana nan, kwanaki na tafiya. Sai na tuna cewa mutumin nan malamin makaranta ne, ya fi son a tambaye shi a kan a gaya masa. Na koma na rubuta cewa ni ban san jima ba, shi ya sani, kuma akwai abin da ya shige mini duhu: ta yaya majemi ke gane bagaruwa ta ratsa fata har ciki?

Ranar Inna ta sha karatu. Baba ya rubuto amsa mai tsawo, yadda ake ɗan yanka gefen fatar a duba ko tsakiyarta ta sauya launi, da yadda gwani ke ganewa tun daga taɓawa. Na yi godiya, na ce wannan bayanin ya fi ƙarfin shafin tattaunawa, ya kamata ya shiga cikin maƙalar, kuma ga wurin da zai dace, daidai inda faɗan majeman zamani yake. Ya cire faɗan da hannunsa ya sa bayanin. Na ji shi yana ce wa Inna, “Malamin ga yana da kai, rashin kunya dai ta yi mai yawa.”

Haka muka ci gaba. Abu ɗaya nake ɗauka a rana, in fara da abin da ya yi kyau, in yi tambaya, in nuna wurin gyara, in tsaya. Na ambata masa cewa akwai littattafai a kan sana'o'in Hausawa a ɗakin karatu na gari, ya tashi maigidana ya je ya ɗauko hoton shafukan da suka yi maganar jima. Maigidana ya dawo da gumi ya ce mini, “Ke ka aikena da bakin Baba, Allah na ganinki.” Na koya wa Baba yadda ake saka madogara, ya koya, har ya fara yi mini gyara a nawa rubutun in na manta waƙafi.

Kada ku ɗauka tsoron ya tafi. Ƙaruwa ya yi, don kullum sai na ƙara rubuta abin da za a iya kama ni da shi. Ina yin girki ina sauraron kalmomina suna fitowa daga bakinsa ta bayan katanga, ina addu'a kada wata ta yi kama da yadda nake magana. Na daina barin wayata a kan tabarma. In Inna ta kalle ni ta daɗe sai in ƙirƙiri wani aiki in bar wurin. Na rame har aka fara yi mini kallon mai juna biyu, Inna ta fara aiko mini da kunun tsamiya.

Layi ɗaya ya gagara. A farkon maƙalar Baba ya rubuta cewa babu majemin da ya kai mahaifinsa a duk ƙasar Hausa, kuma ba za a yi ba. Na yi bayani ta kowace hanya cewa kundin ba ya ɗaukar irin wannan sai in wani littafi ya faɗa, cewa gara a rubuta abin da mahaifin ya yi a bar mai karatu ya yi hukunci. Ya ce ya ji, amma layin na nan. Mai jan tambarin kuma ya leƙo ya ce an yi ƙoƙari, sai dai muddin layin na nan maƙalar talla ce, ba zai janye ba.

Ana cikin haka Baba ya ɗauki hoton tsohuwar kwatarniyar jimar mahaifinsa, wadda ke kife a wani lungu na tsakar gida, ya saka a maƙalar. Hoton ya yi duhu, ba a ganin komai sai baƙin abu a cikin baƙin wuri. Ina sauri zan ɗora tukunya na rubuta masa cewa hoton yana da amfani sosai, sai dai a sake ɗauka da hantsi, kafin inuwar tsamiya ta rufe wurin. Na tura, na ajiye waya, na ci gaba da aikina hankali kwance.

Da la'asar ya fara karantawa kamar kullum. “A sake ɗauka da hantsi, kahin inuwar tsamiya...” Sai ya tsaya.

Ludayi na hannuna. A nan take na gane abin da na yi. Babu itace a hoton, ko ganye ɗaya babu, kuma bai taɓa ambatar tsamiya a rubutunsa ba. Babu wanda zai san inuwar mene ce, da lokacin da take isa lungun, sai wanda ke shara a wurin. Na jira ya ci gaba da karatu, bai ci gaba ba. Inna ta ce, “Ina jinka.” Ya ce, “Shi ke nan.” Na ji ƙarar sandarsa yana komawa ɗaki, tun rana ba ta faɗi ba.

Na yi tunanin in goge kalmar, amma me zai amfana, ya riga ya karanta, kuma tarihin shafi ba ya mantuwa. Tuwon da na kai masa da magariba ya dawo a rufe yadda na kai shi. A gidanmu kowa ya san ma'anar kwanon suruka ya dawo ba a buɗe ba.

Washegari ya kira maigidana zaure. Bawan Allah ya yi ta maza, ya ce shi ne yake rubutun. Ya ba ni labari cewa Baba ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, “Ni na koya maka karatu, na san hannunka. Tashi ka ba ni wuri.” Maigidan nawa ya shigo ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce me Baba ya ce a kaina? Ya ce, “Bai ce komi ba.” Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Babu karatun la'asar, babu amsa a shafi. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Ta taga ina hango shi da tabarau, ya ƙura wa wayar ido tun safe, yana ja sama yana ja ƙasa, ba ya rubuta komai. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ce dattawan da za su raka ni ne. Na ninke zannuwana na jera a akwati ba tare da kowa ya ce in yi ba. Na kira mahaifiyata na gaya mata, ta ce, “Ke dai tun kina ƙarama ba ki ganin karkatacce ki ƙyale. Ɗakinki na nan, amma ba ni son ki zo shi ta wagga hanya.” Na kashe waya na yi kuka mai isata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina son gidan, ina son mijina, kuma ina son tsohon nan da nake tsoro.

Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, Inna ta ɗaga labulena ta ce, “Sa mayahinki, yana kira.” Na yafa mayafi na bi bayanta. Na tarar an jawo kwatarniyar daga lungu an wanke ta, tana tsakiyar rana. Baba na zaune a kujera ya ba ni gefe, yana kallon katanga. Na durƙusa can nesa na sunkuyar da kai.

Bai yi mini magana ba. Inna ya yi wa.

“Ki tambayi mutanen ɗakin can, hantsin da anka ce, shi na wanga ko da saura?”

Kai kawai na gyaɗa. Inna ta ce, “Ta ce shi na.” Ya miƙa wa Inna wayar, Inna ta miƙo mini. Ya ce hannunsa na rawa, a ɗauka masa. Jama'a, nawa hannun ya fi nasa rawa. Hoton farko ƙafar Inna na ɗauka, na biyu sama. Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na motsi. Da ƙyar na samu ɗaya mai kyau na mayar mata.

Ya duba hoton ya daɗe. Sannan ya ce, har yanzu da Inna yake:

“Kwanakin ga duka ina karanta abin da anka rubuto man, tun daga na hwarko. Wurin da anka yi man rashin kunya nika nema. Na bi shi layi-layi hal idona ya yi ciwo, ban samu ba. Da na samu ko guda, da an tahi Wamakko.”

Na ji hawaye na ɗiga a bayan hannuna. Ya gyara sandarsa.

“Na yi shekaru ina jan jar biro bisa littahin ɗiyan mutane, ban san haka take da zahi ba. Layin ubana kuma, kada kowa shi taɓa man shi. Ni za ni cire shi da hannuna.” Muryarsa ta ɗan karye a nan, abin da ban taɓa ji ba. “Amma a sani, gwani na. Ko sun rubuta ko ba su rubuta ba.”

Inna ta yi mini alama da ido, na tashi na koma ɗaki, na zauna a kan akwatin da na shirya na kasa ko cire mayafi. Kafin azahar layin ya fita. Bayan kwana kaɗan aka janye jan tambarin. Kwanon tuwona ya dawo a suɗe, wato an cinye har an sa yatsa. Da labarin ya zaga gida, matar wan mijina ta same ni a bakin rijiya ta ce, “Ni da na san ta waya aka gyara ma Baba, da na turo mai Alhamis ɗin nan ta saƙo.”

Baba ya ƙara rubuta maƙaloli bayan wannan, a kan dukanci da rini da kasuwar fata. Duk wadda ya gama sai ya je shafin tattaunawa ya rubuta, “Malam, a duba.” In duba, in yaba, in yi tambaya, in nuna gyara. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya yi gardama, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Da safe kuma in durƙusa daga nesa in ce ina kwana, ya ce lahiya lau. Bai taɓa ɗaga maganar a gabana ba, ni ma ban taɓa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba wani mai zurfi ba ne. Kafin lokacin nakan yi wa mutane gyara a gajarce, in jefa tambari in wuce, don a wurina laƙabi ne kawai a fuskar waya. Yanzu duk sanda zan rubuta wa wani, sai in ɗauka yana bayan katanga zai karanta wa matarsa da ƙarfi, kuma zai koma ya bi maganata layi-layi yana neman inda na raina shi. Gyaran sai na yi shi, ba na ragawa. Amma ba na tura abin da ba zan iya durƙusawa a gaban mai shi ana karanta shi ba. Har yau in na danna tura sai gabana ya ɗan faɗi, kuma na daina ganin laifin hakan.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ina nan a gidan, a ɗakin nan dai, 'ya'yana na wasa a tsakar gidan. Duk zaman da muka yi da shi, in aka tara maganar da muka yi baki da baki ba za ta cika shafi ɗaya ba. Hirarmu kaf tana can a shafukan tattaunawa, kowa na iya karantawa, ba wanda ya san suruki ne da matar ɗansa.

Bayan an yi sadakar arba'in na zauna zan rubuta 'yar sanarwa a shafinsa na kundin, don masu gyara su san ya rasu. Hannuna ya tafi da kansa, na rubuta cewa ba a taɓa yin marubuci kamarsa a cikinmu ba, kuma ba za a yi ba. Na zauna ina kallon layin. Gaskiya ne a wurina, kuma ba ni da littafi ko ɗaya da zan nuna. Na daɗe da yatsana a kan wurin gogewa kafin na iya dannawa, kuma sai a ranar na san girman abin da na roƙi tsohon nan ya yi.